Masu Ƙuri'ar Unguwar Fannami

Da la'asar sakaliya Mala ya tura kwalekwalensa daga bakin kogin Hadejia, na'urar zaɓe na rataye a wuyansa cikin leda. Aika ce ƙarama: ya kai ta tudun da 'yan gudun ambaliya suka kafa bukkoki, su dangwala yatsa, ya dawo.

Ƙungiyar manoman fadama ce ke zaɓe a kan jingar shugabanta, Alhaji Inuwa: a bar ta ko a fasa. Jingar nan ce ta tsare shinkafar manya bara, ta juya ruwan kan Unguwar Fannami. Gari ya waye babu unguwar. Mala ya gaji da laluben ƙanwarsa 'Yar'azumi a cikin kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ko ɗankwalinta bai samu ba. Alhaji kuwa ya tsaya gaban jama'a, ido a bushe, ya ce ba ran da ya salwanta, ƙaura kawai mutane suka yi. Saboda haka ba a cire sunan kowa daga rajista ba. Bana in jingar ta tsaya, gidan Mala ne a bakin ruwa, da marayun ƙanwarsa biyu a ciki.

Da can layi ake ja, Alhaji na kan kujera yana duba fuskoki. Wanda ya kauce, sai dai ya hangi ruwan rani a gonar maƙwabci. Yanzu matasa sun kawo sabon tsari: kowace ƙuri'a na ɗaure da 'yar'uwarta kamar sarƙa, kwafinta a wayoyi barkatai, ba mai iya goge ta, ba mai sanin wanda ya jefa ta. Alhaji ya amince ne don ya san tsoronsa ya riga ya zauna wa mutane a ƙashi.

Kachala ta toshe hanyar da Mala ya sani, ya bi wata. Magariba ta kawo jiki. Kwaɗi suka yi tsit lokaci guda, sai ɗigar ruwa daga filafilin tuƙi.

Can ya hangi tudun. Mutane har sun ja layi.

Ya yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. Ba hayaƙin girki, ba kukan yaro, ba akuya. Wari kawai, irin na tabarmar da ta daɗe a jiƙe.

Na farko ya miƙo yatsa, ruwa na tsiyaya. Mala ya san na'urar ba ta karɓar jiƙaƙƙen yatsa, ya sa gefen rigarsa ya goge. Ruwan ya sake tsattsafowa. Duk da haka wuta ta kawo kore. Mala ya kau da kai, mutumin ya zaɓi abinsa ya wuce.

Na biyu. Na uku. Duk kansu a sunkuye. Na'urar ba ta nuna suna, haka aka yi ta.

Layin bai raguwa. Mutanen tudun ba su kai haka ba.

Ya ɗaga ido, ya ga tsamiya mai reshe ɗaya a karye. Ya san tsamiyar nan. A ƙarƙashinta aka ɗaura auren ƙanwarsa, a Unguwar Fannami.

Ruwa ya taɓa masa idon sawu.

Wani hannu ya miƙo, siriri, da tabon ƙunar mai a wuyansa. Wuta ta kawo kore.

"Yaya," in ji muryar ƙanwarsa a hankali, "yaran sun ci abinci?"

Ta ci gaba.

"Mun jira kwalekwale ranar nan. Sai yau aka turo mana."

Ruwa ya kai gwiwa. Ta kama babban yatsansa na dama. Sanyin ya ratsa shi har haƙori.

"Zauna mana, Yaya. Akwai wuri."

Ayatul Kursiyyu ta fito masa a gutsure. Ya fizge, ya faɗa cikin kwalekwalen da baya, ya yi ta tuƙi bai waiwaya ba.

Washegari mutanen tudun suka rantse ba su ga ƙeyarsa ba. Amma ƙuri'u sun shiga sarƙa, kuma masu cewa a fasa ne suka yi rinjaye. Alhaji ya yi ta kumfar baki, a soke. Matasan suka ce ba a soke ƙuri'ar mai rai, amma in ya san wanda ya mutu, ya faɗi sunansa a gaban jama'a. Alhaji ya gyara hula ya bar maganar. Aka fasa jingar, gidan Mala ya tsira.

Liman ya ce mamaci ba ya dawowa, mutanen ruwa ne suka ari kamanni. Mala bai yi musu ba, abin da ya dame shi dabam ne. Yatsan nan nasa ya yamushe kamar na mai wanki, zanensa ya shafe, bai ƙara yin ɗumi ba. Ko tasa ƙuri'ar bai samu jefawa ba.

Har yau a rajistar ƙungiya 'Yar'azumi tana raye. Mala ne na'urar ta ce ba ta san shi ba.