Na Bakwai a Layin Harbi

Kafaran Labo, ƙaramin soja, ya mutu da harsashi a maƙogwaro a maƙabartar Badaguishiri, daminar 1991, wajen jana'izar wani tsohon soja da aka rufe bayan magariba.

Sarjan Issaka ya jera sojoji shida don harbin bankwana, bindigoginsu albarushi zalla, babu harsashi. Da ya duba layin, sai ya ga bakwai. Na ƙarshen dogo ne mai jar hula, takalmansa ba su nutse cikin taɓo ba.

"Sarjan, wanga ba namu ba na," in ji Labo, da ke tsaye kusa da Issaka. "Dakata!"

Issaka ya riga ya ba da umarnin harbi, kuma ba ya janye umarni gaban jama'a. Shida suka harba sama, baƙon ya karkata bindigarsa gefe, wajen Labo. Jini mai ɗumi ya watsu a fuskar Issaka.

Harsashin da likita ya ciro, an daina ƙera irinsa tun ba a haifi Labo ba. Issaka na tsare kan mutuwar Labo. Bindigar da ta harba shi ba a same ta ba.