Bukkar Mai Gadi

Rana na dukan ƙeya matar direba ta fito da kwano a ƙarƙashin mayafi, idanun unguwa na bin ta ta kafar ƙyaure. Mako uku ke nan kullum sai ta nufi tsohuwar bukkar mai gadi da ke bayan gonaki, 'yar mafakar kara da buhu, inda a da ake ajiye fartanya, a fake wa ruwan sama. A bakin mutane kuwa bukka ta koma zagi. 'Yar bukka suke kiranta, mata su janye tabarma in ta zo zama, mai kanti ya ƙi haɗa ido da ita...

Yayar mijinta ce ta hura wutar. Ranar da direba ya dawo daga doguwar tafiya, tun bai cire takalmi ba ta tare shi, wai matarsa ta ajiye kwarto a bukka. Ya tambayi matar, ta ce alkawari ta ɗauka, ba za ta iya faɗa ba. Ya ture abincinta, ya ce ta haɗa kayanta. Ta haɗa tana kuka, tana roƙon Allah Ya wanke ta, amma da azahar ta sake ɗaukar kwanon ta fita.

Suka bi sawunta, shi da yayar da maƙwabta. Direba ya fizge buhun ƙofa... Mahaifiyarsa ce kwance, ta rame, matar na ba ta abinci a baki. Uwar da yayar ta ce masa tana jinya wajen dangi!

"Inna, wa ya kawo ki nan?"

Tsohuwa ta dubi 'yarta. Ta ce da tari ya kama ta, yayar ta kai ta tasha ta yasar, don ta zuba kayan sayarwarta a ɗakin tsohuwar. A can surukar ta tsince ta, da tsohuwar ta ƙi komawa gida sai ta kawo ta bukkar.

"Ni na sa yarinyar nan ta rantse. Ban so ku rabu da yayarka saboda ni ba."

Yayar ta juya za ta sulale, maƙwabta suka tare hanya suna Allah wadai. Direba ya ce ta kwashe kayanta yau, kada ƙafarta ta sake taka gidan. Sannan ya durƙusa gaban matarsa.

Ta share hawayenta da bakin mayafi.

"Tashi ka goya Inna. Ƙasar nan da sanyi."