Kada Umma Ta Sani

Ko takalmi Auta bai cire ba Umma ta tare shi a ƙofar falo.

"Zauna! Da kunnena na ji matarka tana waya. Wai, 'Na haɗo maganin, kullum da safe ne, amma kada Umma ta sani.' To ga shi na sani! Dama na ce rawar jikin nan da kake yi a kanta ba banza ba."

"Haba Umma, famasi fa take karantawa a jami'a. In ba ta ce magani ba, me za ta ce?"

"Magani iri-iri ne, yaro. Akwai na asibiti, akwai na mallake miji!"

Auta ya yi dariya, amma ta fatar baki ce. Shi ma ya lura, tun da Amarya ta fara koyon aiki a kemis take zuge jakarta da zarar ya shigo, in waya ta yi ƙara kuma sai ta fice tsakar gida. Ya same ta a ɗaki, ko farar rigar aiki ba ta cire ba.

"Wa kike haɗa wa magani?"

"Mara lafiya."

"Wane ne?"

"Ba zan iya faɗa ba. Abin da aka fara koya mana ke nan, sirrin mara lafiya amana ne."

"Ni fa mijinki ne!"

"Na sani. Filis, ka yarda da ni—"

"Ko ta faɗa, ko ta tattara kayanta!" Umma ta jefo daga bayan labule.

Auta bai tare mata ba, wannan kuwa ya fi komai yi wa Amarya ciwo. Ta jawo akwati tana hawaye, amma bakinta gum. A tsakar gida ta yi kiciɓis da Abba, surukinta, yana dawowa daga kasuwa. Da ya ji abin da ya faru sai ya dafe kai.

"Ajiye akwatin nan, 'yata. Ni ne mara lafiyar. Hawan jini likita ya gano mini, ita ke karɓo mini ƙwayoyin. Ni na roƙe ta ta rufa mini asiri, don na san halin uwarku, in ta ji ita za a fara kwantarwa a asibiti."

Umma ta zube a kujera tana salati, ta riƙo hannun Amarya tana neman gafara da kuka. Auta ya ɗauki akwatin, kunya kamar ya nutse.

"Ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Amarya tana share ido. "Umma rabin magana ta ji. Kai kuwa ka san ni gaba ɗaya."

Maganar ta daɗe tana sukarsa. Daga ranar ya gane cewa macen da ta yarda ta rasa ɗakinta don amanar wani, ba za ta ci tasa ba, kuma zargi bai sake kwana a gidan ba.