Karin Kumallon da Bai Ga Wuta Ba

Ranar Litinin da hantsi Amarya ta dawo daga gidan rediyo, ta tarar da kwalabe biyu a kan teburin falo, surukarta zaune a gabansu kamar alƙali da kayan shaida.

Shekara biyu ke nan da auren, amma a dangin mijinta har yau Amarya ake ce mata. Ita ke karanta labaran safe, motar ofis kan ɗauke ta tun gari bai waye ba. Mijinta, wanda kowa ke kira Auta, malamin lissafi ne a wata sakandare can ƙarshen gari. Mama, mahaifiyar Auta, kuwa ta zo jinya ne, an yi mata aikin ido, amma idon da ya rage a buɗe ya ishe ta ganin komai na gidan.

Amarya ta durƙusa ta gaishe ta. Mama ba ta amsa ba, sai ta nuna kwalaben da baki.

"Mene ne wannan?"

"Ots ne, Mama, wani hatsin Turawa, da yogot."

"Na ga ɗana tsaye a kicin yana kamfatarsa da cokali kamar maraya. An dafa shi?"

"Ba a dafa shi, Mama. Jiƙa shi ake yi a sa a firij ya kwana, kafin safe ya yi laushi."

"Ya kwana!" Mama ta tafa hannu. "Ɗanye, ga sanyi, ga kwana! Ke 'yar nan, ko dusar kaji ai da ruwan ɗumi ake kwaɓa ta. Kina can kina zuba wa duniya surutu a rediyo, murhun gidanki ko tari bai yi ba. Da me ya rage ki da kike ba shi wannan abu?"

Amsar tana kan harshen Amarya, amma ba tata ba ce da za ta faɗa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa haɗa kwalaben nan ba. Auta ne ke yi.

Abin ya samo asali ne tun farkon aurensu, lokacin da take fita da cikinta wayam don babu halin kunna wuta kafin mota ta iso. Wata safiya yana sauraronta a hanyar makaranta, ya ji muryarta ta yi rawa a tsakiyar labari, aka yi sauri aka saka talla. Jiri ne ya ɗebe ta a sitidiyo. Da yamma ya dawo da gwangwanin ots da kwalabe masu faɗin baki. Tun daga ranar, kullum bayan magariba yakan naɗe hannun riga ya auna komai da irin tsanakin da yake rubuta lissafi a allo. Da Mama ta zo bai daina ba, sai dai ya koma yi a ɓoye, ƙofar kicin a rufe, lokacin da take ɗaki tana lazimi.

Da la'asar ya dawo, Amarya ta bi shi ɗaki ta tura ƙofa.

"Mama ta ga kwalabenka."

Ya zauna a bakin gado, takalmi ɗaya a hannu. "Me kika ce mata?"

"Ban yi ƙarya ba, ban kuma tona ka ba."

"Yawwa. Allah ya yi miki albarka. To ki je ki ba ta haƙuri, ki ce za ki gyara. Don Allah. Da ido ya warke za ta koma gida, shi ke nan."

"In ba da haƙuri a kan me?"

"Haba, ke ma kin san Mama. Mata biyar ta haifa kafin ni. Ko kofin da na sha ruwa ban taɓa ɗaurayewa ba a gidanta. In ta ji ni ke shiga kicin, wallahi cewa za ta yi kin shanye ni."

Amarya ta dube shi da kyau. Ta san mutane iri-iri a wurin aiki, ta kuma lura cewa masu kirki sun fi kowa iya ɓoye kirkinsu idan suka ga zai jawo musu dariya.

"Ka saurare ni," ta ce, muryarta a kwance. "A duk abin da aka taɓa yi min a duniya, babu wanda ya kai kwalbar nan daraja a wurina. Kullum in na buɗe ta a mota sai na ji ni matar wani ce. Yanzu kana so in durƙusa in ce laifi ce? Ba zan faɗa ba. Zagi zan iya sha, na sha ɗazu. Amma bakina ba zai kira ta laifi ba."

"To ya kike so in yi?"

"Kai ne malamin lissafi."

Da magariba ya lallaɓa kicin ya rufe ƙofa kamar yadda ya saba, ya haɗa na kwana biyu. Ita kuma ta zauna a ɗaki tana jin ƙarar cokali a jikin kwalba, hawaye na zubo mata ba ta share ba.

Washegari da Amarya ta dawo daga aiki, tun daga matakala ta jiyo ƙauri. Ta shiga da gudu ta tarar da tagogi a buɗe, Yaya, babbar yayar Auta, tana fifita hayaƙi da mayafi. Tukunya na kan teburin falo a bisa faranti. Mama ce ta ga tunda surukarta ta ƙi jin magana, bari ita ta gyara da hannunta. Ta juye kwalaben da suka rage a tukunya, ta ɗora a kan gas, ta buɗe wuta sosai. Yogot kuwa ba ya shiri da tafasa. Ya tsinke, ruwa gefe gudaji gefe, ots ya kama gindin tukunya ya yi baƙi.

"Zo ki gani!" in ji Mama. "Zo ki ga abin da kike ɗura wa ɗana! Wuta ta tona asirinsa. Lafiyayyen abinci ne zai ga wuta ya tsinke haka? Ruɓaɓɓe ne tun asali!"

"Mama, yogot ne, in aka tafasa shi dole..."

"Rufe mana baki, 'yar rediyo," Yaya ta katse ta. "Nan ba sitidiyo ba ne. Mun gama magana da Mama. Ko ki ajiye aikin safen nan ki tsaya ki kula da mijinki kamar kowace mace, ko ki haɗa kayanki ki je gida har sai kin yi hankali. Yau za ki zaɓa, in ya dawo, a gabansa."

Amarya ta ajiye jakarta a hankali. Ta durƙusa a gaban Mama, don ba ta yarda fushi ya ci ladabinta ba, amma kanta a ɗage yake.

"Mama, ki yi min faɗa, 'yarki ce ni. Ki ce in dafa miki duk abin da ranki ke so, yanzu zan shiga kicin. Amma aikina ba zan bari ba. Da shi ya gan ni, da shi ya aure ni."

"Kin ji ko, Mama? Kin ji tsaurin ido?"

"Gidan nan kuma," Amarya ta ci gaba, "wanda ya kawo ni shi kaɗai zai ce in fita."

Haka aka wuni, babu mai ce wa wani uffan. Ta dafa abincin rana, ta kai wa Mama, ta ɗiga mata maganin ido a kan lokaci. Mama ta buɗe idon aka ɗiga, ta rufe, ba ta ce sannu ba. Tukunyar kuwa Yaya ta hana a ɗauke, wai sai mai gidan ya gani.

Ana idar da sallar magariba Auta ya shigo. Yaya ba ta bari ya zauna ba, ta zayyane masa komai, har da abin da ba a yi ba. Ya dubi tukunya, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi ƙasa. Ƙasan ya fi daɗewa yana kallo.

"Ka yi magana mana!" in ji Yaya. "Ko ta ɗinke maka baki ne?"

"Yaya, a bi abin a hankali... a bari ido ya warke tukuna..."

Amarya ta miƙe tsaye. Ba Mama ta kalla ba, ba Yaya ba, shi ta kalla.

"Gobe ina da labaran safe, kuma zan je," ta ce. "Firij babu komai. In an haɗa, in ɗauka. In ba a haɗa ba, in tafi da yunwa, ba yau na fara ba. Amma ni ba zan taɓa kwalbar nan don a ce ni ke yi ba."

Ta koma kujera ta zauna, ta harɗe hannuwa.

Auta ya juya ya nufi kicin. Amarya ta saurari ƙarar rufe ƙofa, ba ta ji ba. Sai ga shi ya fito da tire: gwangwanin ots, robar yogot, madara, zuma, kirfa, dabino, ayaba, wuƙa, da kwalabe biyu wankakku. Ya ture ƙonanniyar tukunyar gefe, ya ajiye tiren a gaban mahaifiyarsa, ya durƙusa, ya naɗe hannun riga.

"Kai, me kake yi haka?" in ji Yaya.

Ya auna rabin kofi na ots ya zuba a kwalba, ya bi shi da madara daidai wannan awon. Yogot cokali uku, zuma cokali ɗaya, kirfa ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. Bai zubar da ko ɗigo ba. Duk wanda ya ga yadda yake kankare bakin cokali a gefen kwalba ya san ba yau ya fara ba.

"Mama, ni nake yi," ya ce, bai ɗago ba. "Tun farko ni ne. Ita ko awon ba ta sani ba."

"Innalillahi!" Yaya ta dafe ƙirji. "An gama da kai, Auta! Wallahi an gama da kai!"

"Babu wanda ya gama da ni, Yaya. Matata ta kusa faɗuwa a wurin aiki don yunwa, ina ji da kunnena a rediyo. Ba ta roƙe ni ba, ni na ga ba zan iya barci ba in ban yi wani abu ba." Ya ɗago ya dubi mahaifiyarsa, idanunsa sun kaɗa. "Kuma ba ruɓaɓɓe ba ne, Mama, wuta ce ba ya so. In akwai laifi a gidan nan, nawa ne: na zauna ana zaginta a kan abin da hannuna ya yi, na yi shiru don kada a yi min dariya. Aikinta ba za ta bari ba. Gidan nan ba za ta bari ba. Ki yafe min, amma gobe ma zan yi, jibi ma haka."

Amarya ta sunkuyar da kai, kukan da ta danne tun safe ya ƙwace mata. Mama ta zuba wa hannuwan ɗanta lafiyayyen idonta, hannuwan da ba ta taɓa bari sun ɗauki tsintsiya ba, tana kallon yadda suke juya cokali. An daɗe a haka.

Shi kuwa da ya rasa abin yi, sai ya ɓare ayaba ya ɗauki wuƙa zai yanka a cikin kwalbar. Amarya ta san bai taɓa yin haka da yamma ba, ruɗewa ce kawai.

"Tsaya," in ji Mama.

Ya tsaya, wuƙa a sama.

"Wa ya ce maka ana yanka ayaba ta kwana? Baƙi za ta yi kafin safe, ka ba 'yar mutane ta ci a mota. Ajiye ta sai da safe. Miƙo min dabinon nan, ba ka ma cire ƙwallon ba."

Ya miƙa mata farantin da hannu biyu. Ta jawo shi kan cinyarta, ta fara tsaga dabinon da farce.

"Mama!" in ji Yaya. "To maganar aikin nata fa?"

Mama ta jefa ƙwallo a tire, ta ɗauki wani dabinon.

"Ke kuma ɗauki tukunyar nan ki je ki kankare ta," ta ce wa Yaya.