Taraktar Don Herminio

Ƙarfe huɗu na yammacin Talata, lokacin da mutanen Colonia Brígida ke tashi daga barcin rana, aka buga waya caji ofis cewa an sace tarakta.

Sufeto Ovidio Cattaneo ya ɗauki mota da Kofur Ibarra, yana shirin toshe hanyoyin gari. Da suka isa gidan Don Herminio Giraudo, tsohon ya kai su ɗakin aikinsa, ya nuna musu gurbin taraktar a kan kanta. Gurbin bai fi tsawon takalmi ba.

"Baba, don abin wasa ka tayar da mu?" in ji Sufeto.

"Abin wasa? Shekara biyu na yi ina haɗa ta. Taraktar mahaifinmu ce sak, har lotsawar da ke gefen tankinta. Idona ya kusa tafiya, Yallaɓai, likita ya faɗa min. Ba zan iya yin irinta ba kuma."

Sufeton wata uku kacal ya yi a garinmu, bai san tsohon ba. Mu mun san shi. Tun da matarsa ta rasu ya sayi injin nan mai buga ƙananan sassa da ruwan roba, rezin suke ce masa. Ya buga, ya wanke da sifirit, ya busar a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ya yi fenti. Daga shi sai rediyo. Wallahi abin tausayi ne, amma in ka nuna masa tausayin sai ya rufe maka ƙofa.

"Ba a ɓalle ƙofa ba," in ji Sufeto. "Ina kake ajiye makulli?"

"Ƙarƙashin tukunyar fure, in zan je cin abincin rana. Haka mahaifiyarmu take yi."

"Dangi fa?"

"Ba ni da kowa."

Kofur ya yi ɗan tari, ya kalli rufi.

A kan tebur akwai wata ƙaramar tarakta da ba a gama ba. Don Herminio ya sa safar hannu ya shafa ta, sai ya yi turus.

"An taɓa min tayoyin baya. An sauya su, ta hagu ta koma dama."

"An ɓata?"

Tsohon ya daɗe yana laluben zanen tayar. "An gyara," ya faɗa da ƙyar. "Ni ne na sa su a juye, ban gani ba. Kuma ɗanyu ne, gwaji nake yi, ban wanke su ba. In da hannu tsirara ya taɓa, kuma fatarsa ba ta ɗauka, gobe zai gane kurensa."

Sufeto ya rubuta: ɓarawo ya tsaya gyaran taya.

Washegari da safe suka je shagon Fabricio Zanuttini, mai sayar da fenti da sassan ƙananan motoci. Sufeto ya fara duba hannunsa. Sumul yake.

"Ka san taraktar Don Herminio?"

"Wa bai san ta ba? Mako guda ta yi a tagar ofishin ƙungiyar manoma. Ni dai ba ta burge ni ba."

"Ba ta burge ka ba, ka je gidansa sau uku kana roƙon ya sayar maka? Shi ya faɗa min."

Fabricio ya yi dariyar yaƙe. "To, na so ta. Amma Yallaɓai, ni zan taɓa ɗanyen rezin ba safa? Ai ko maƙiyina ba zan yi wa fatan haka ba."

"Waɗanne sababbin fuskoki ka gani a shagon nan kwanan nan?"

"Mutum ɗaya. Ranar Litinin Don Amílcar ya sayi farin fenti da buroshi mafi siranta. Na ce, Baba, da tsufanka za ka fara? Ko kallona bai yi ba."

A mota Sufeto ya juya ga kofur. "Wane ne Amílcar?"

"Ƙanen Don Herminio ne, Yallaɓai. Makaniken tarakta ne, ya yi ritaya. Shi ya sayar da taraktar mahaifinsu bayan jana'iza, ba shawara. Shekara ashirin da biyu ke nan ba sa ga maciji. Layi huɗu ne tsakaninsu."

"Shi ne jiya ka tsaya kana min tari?"

"Maganar gida ce, Yallaɓai."

Gidan Amílcar ya fi na yayansa shiru, don shi ko rediyon babu. Kujera ɗaya ce a tsakar gida, sai da ya ɗauko wa Sufeto bokiti ya kifa. Yana yi yana juya musu baya, da ya gama ya cusa hannu cikin aljihu.

"Ina kake jiya da rana?"

"Ina barci, kamar kowa."

"Farin fenti fa?"

"Tagata zan shafa."

"Da buroshi mai gashi uku? Sai baɗi ke nan." Sufeto ya kalli butar da ke kan wuta. "Don Amílcar, a garin nan ba a ba baƙo mate ne?"

Mate shayin ganye ne da muke zuƙa a ƙoƙo, kuma ba a hana baƙo shi a wurinmu, ko da ɗan sanda ne. Tsohon ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon, ya miƙo. Yatsunsa sun yi jawur, sun kumbura, har sun fara ƙuraje.

Sufeto ya karɓa, ya zuƙe, ya mayar da ƙoƙon. "Me ya kai ka gyara tayar?"

Amílcar ya sunkuyar da kai. "Shekara arba'in ina ɗaura tayar tarakta. Na ɗauki abin da na zo ɗauka, na kai bakin ƙofa, na kasa fita. Yaya zan bar taya a juye?"

Ya shiga da su kicin, ya yaye ƙyalle a kan tebur. Ga taraktar nan, ja, babu abin da ya same ta.

"Mahaifinmu ya rubuta sunayenmu a murfin injin taraktarsa, na Yaya a hagu, nawa a dama. Na je na ga wannan ƙaramar a tagar ƙungiya. Komai ya saka, Yallaɓai, har lotsawar da ni na yi ina koyon tuƙi. Sunana ne kawai babu. Niyyata in rubuta in mayar masa. Hannun ne ya kumbura, na kasa gamawa."

Sufeto ya sunkuya. A gefen dama akwai haruffa huɗu farare, a karkace, sai fili.

Bai sa masa ankwa ba, saboda hannun.

A ƙofar caji ofis suka tarar da Don Herminio zaune a benci, tun safe yake wurin. Ya karɓi taraktar, ya kai ta dab da idonsa, ya daɗe a kan gefen dama.

"Yaya," in ji Amílcar.

Don Herminio ya ci gaba da duban taraktar.

Sufeto ya ja shi gefe. "Baba, kayanka sun dawo lafiya. Ƙaninka ne. Ka janye ƙara mu sallame shi."

"Ban janye ba."

"Haba Baba! Tsoho ne fa."

"In ka sallame shi, gida zai koma ya ja ƙofa, ni ma in ja tawa. Na san shi, na san kaina." Ya rungume taraktar a ƙirji. "A gaban alƙali kuwa dole ya zo, dole in zo. Ko ba haka ake yi ba?"

"Haka ake yi."

"Zama nawa ake yi?"

"Wataƙila biyu. Wataƙila uku."

"Ka roƙar min su yi uku."

Kofur Ibarra ya riƙe gwiwar hannun Amílcar, ya shiga da shi ciki.