Tsaga a Jelar Kifi

A rafin da ke gangarowa daga duwatsun Sa Pa ne Lao San ya fara ganin Lo May. Yana tsaye cikin ruwa har gwiwa da fatsarsa, ita kuma tana wanke ganyen magani na wanka a kan dutse.

"Mai fatsa, tun safe ko ɗaya?" ta ce tana dariya.

"Kin kore su da kyanki."

Ta murguɗa baki, amma ta ba shi lambarta. Kafin damina ta ƙare ya koma ce mata "Raɓata", ita kuma "Maƙaryacina".

Matsalar ita ce mahaifinta, Baba Quan, mai kiwon kifin ruwan sanyi, irin mai ɗigo-ɗigon nan, a tafkunan siminti. Ya ce ba zai ba mai yawon rafi 'yarsa ba, ga ɗan mai otal yana zarya da mota.

Bayan wata ambaliya da kwana uku Lao San ya kamo wani kifi kamar cinyar mutum. Ya tura mata saƙo: "Raɓata, yau Baba zai san ni ba rago ba ne." Wayarta na ɗaki, ita tana gona.

Ya naɗe kifin a ganyen ayaba, ya je gaban Baba Quan ya durƙusa ya ajiye. Tsohon ya buɗe, ya juya jelar. Akwai tsaga biyu a jikinta.

"Wayyo! Uwa ce!" in ji mahaifiyar Lo May, ta dafe ƙirji.

Ashe ambaliyar ta tafi da iyayen kifi biyar da Baba Quan ya shekara huɗu yana reno, kowacce da tsagar shaida da ya yi mata a jela. Ga guda an kawo masa gawarta, cikinta fal da ƙwai. Lao San ya sunkuyar da kai.

"Ka kashe min uwa, ka zo neman 'ya?" in ji tsohon. "Fita!"

Da yamma saƙonta ya shigo: "Baba ko abinci ya ƙi ci. Saura huɗu. In ka san inda suke, da rai nake son su."

Ya san gurbin da suke taruwa, ƙarƙashin inda ruwa ke zubowa daga dutse. Ya goge ƙayar ƙugiyarsa don kada ta yaga musu baki. Duk wadda ya kama sai ya jiƙa hannu ya saka ta a bokiti, ya hau tudu a guje zuwa tafkin Baba Quan kafin ruwan ya yi ɗumi. Kwana shida yana wannan wahala, uku ya samo.

Ranar ta bakwai Baba Quan ya tare shi a bakin tafki, fuska ba annuri. Lao San ya sadaƙar, korar ƙarshe ce. Tsohon ya ɗago uwa guda zai matse ƙwanta, aikin da bare ba ya taɓawa.

"Me kake kallo? Riƙe mata kai, surukina."

Lo May ta saki kwanon da ke hannunta. Shi kuwa Lao San sai da aka maimaita masa.

Bayan girbi aka sa mata awarwaron azurfa, aka lulluɓe ta da jan mayafi. Baba Quan ya tsaya gaban teburin girmama kakanni ya haɗa hannayensu.

"Ku zauna lafiya, ruwanku kada ya ƙafe. Na ba ka ita da rai, yaro, ka riƙe ta a hankali."