Takalmi a Gefen Gawa

Adijatu mai koko ce ta fara ganinsa. Ta kawo wa Ɗankande kokon safe kamar kullum, ta tarar da shi kife ba rai a ƙofar shagon atamfar da yake gadi a unguwar Changli, ƙeya a fashe, kwaɗon shagon a ɓalle. Ihunta ne ya tara unguwa.

Shekara biyu ke nan da Gana ta sami 'yancin kai, 'yan sandan Tamale kuwa da abu biyu suke taƙama: sabuwar tuta, da Duna, baƙin kare mai bin sawu. Kofur Imoru ne mai riƙonsa. Mutanen gari na yi masa kallon wanda ya rasa sana'a, wasu ma sai ya wanke hannu suke yarda su gaisa.

Sufeto Kwamina, mutumin kudu mai Hausar kasuwa, ya fara da Adijatu.

"Mma, ka taɓa wani abu?"

"Wallahi ban taɓa ba, Massa. Ga kokon ma bai huce ba."

Turmi goma aka ɗauka, kayan da ya fi ƙarfin wuyanta, sai aka sallame ta. Mai shagon tana Kumasi sarin kaya, ita ma ta fita daga zargi. Abin da ya rage shi ne takalmin fata na ƙafar hagu, yashe a gefen gawar.

Imoru na ganinsa ya gane shi. Wannan ɗinkin jan zaren, shi da kansa ya kai wa baduku ya yi. Takalmin surukinsa ne, Baba Mutaru, mahaifin matarsa Zalia. Ya ɓoye wa Sufeto. Ya ba Duna ya shinshina, ya naɗe igiyar a dantse har ta miƙe kamar tsirkiya.

A mararrabar bayan shagon Duna ya tsaya. Dama hanyar Gumbihini ce, hagu kuwa lungun su Baba Mutaru. Imoru na addu'a a zuci kada a yi hagu, amma idonsa da kafaɗarsa duk can suka karkata. Duna ya waiwayo ya dube shi, ya ɗaga kai, ya yi hagu yana kaɗa jela, bai tsaya ba sai ƙofar tsohon.

"Takalminka ne?" in ji Sufeto.

"Nawa ne. A ƙofar masallaci aka ɗauke shi da asuba. Ba takalmi na dawo gida."

"Kowane ɓarawo haka ya faɗi. Mu tafi."

Jama'a suka bi motar 'yan sanda da jifa. Zalia ta riƙe rigar mijinta tana kuka. "Rataye shi za su yi, Imoru! Kuma karenka ne ya kawo su!"

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya tsuguna a gindin dalbejiya, Duna ya ɗora masa haɓa a gwiwa. Nan abin ya faɗo masa. Shekara uku suna aiki tare, bai taɓa ganin Duna ya bi sawu kai a sama ba. In yana kan wari, hancinsa kamar an ɗinke shi da ƙasa, jela a miƙe. Tafiyar ɗazu irin tafiyar Juma'a ce, in za su gaida Baba. Karen bai bi wari ba, hannun mai shi ya bi.

Ya je ya sami Sufeto, ya ƙame, ya faɗi gaskiya: ya san takalmin, ya ɓoye, ya ɓata aikin.

"Kofur, wannan magana ya isa ya cire maka kaki."

"Na sani, Massa. A bar ni in sake gwadawa sau ɗaya kafin rana ta ƙone sawun."

Sufeto ya dube shi, sannan ya ɗauki hularsa.

Suka koma shagon. Wannan karon Imoru ya saki igiyar duk tsawonta har tana jan ƙasa, ya kafa ido a kan ƙafafunsa don kada jikinsa ya sake yin magana. Idan Duna ya yi hagu hanci a ƙasa, to Baba ya tafi ke nan, kuma shi ne ya raka shi.

A mararraba Duna ya zaga sau biyu, ya yi atishawa, ya dasa hanci, ya yi dama.

Ya ratsa gonar masara, ya tsallake kwata, ya zauna a ƙofar wani ɗaki a bakin Gumbihini. Iddrisu ɗan dako ya fito yana miƙa. Imoru ya san shi sarai: kullum yana kan katangar bariki yana kallon horon Duna, yana tambayoyi kamar mai neman aiki.

"Ina ka yi asuba?" Imoru ya tambaya.

"Masallacin Changli. Kowa ya gan ni a ƙofa."

"Wa ya ja salla?"

"Liman mana."

Adijatu, da ta biyo su da sauran 'yan kallo, ta tafa hannu. "Liman da ke kwance kwana uku da zazzaɓi? Ladan ke ja, ina ji daga murhuna!"

A ƙarƙashin tabarma aka sami rami, turmi goma a ciki, da ɗaya ƙafar takalmin.

Imoru ya yi wa Sufeto bayani a hanya. Iddrisu ya ga yadda ake ba kare kayan mutum ya nemo mai shi. Sai ya je ƙofar masallaci ana ruku'u, ya tsinci takalmin da ya fi kusa, ya je ya yi aika-aikarsa, ya yar da ƙafa ɗaya. Abin da bai sani ba, Duna ƙasa yake bi, Baba kuwa bai taka wurin ba. Warin da ke kan maɗaurin takalmin kuma yake a ƙasa, na hannun da ya ɗauko shi ne.

Da la'asar aka saki Baba Mutaru, goshinsa da kumburin jifa. Imoru ya cire hula ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ba kare ne ya kawo su ƙofarka ba. Ni ne. Tsorona ya ji a igiya."

Tsohon ya dube shi. "Tsoron me? In ka tabbata ban yi ba, me za ka ji wa tsoro?"

Imoru ya sunkuyar da kai.

"Ka zaci ni ne."

"Na ɗan lokaci, Baba."

Baba Mutaru ya juya ya kalli Duna, wanda ke zaune nesa yana haki.

"Shekara uku ina hana dabbar nan taka zaurena," ya ce a hankali. "Ita ba ta zarge ni ba. Kai da na ba 'yata ka zarge ni."

Ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar gida. Imoru ya bi shi a baya, bai yarda ya jera da shi ba.